Wa zai riƙe wuƙa idan baƙon likita ya koma gida?

A shekarar 2003, ƙasar Habasha mai mutum sama da miliyan 70 ba ta da likitocin ƙwaƙwalwa da suka wuce 11, kuma kusan dukkansu a Addis Ababa suke zaune. Ba wai ba a tura matasa karatu waje ba ne. Ana turawa, amma wanda ya tafi da wuya ya dawo. A wannan shekarar ce Jami'ar Addis Ababa ta ɗaura niyyar horar da nata ƙwararrun a gida, ta nemi Jami'ar Toronto ta Kanada ta riƙa aro mata malamai. Tsarin da suka shimfiɗa ba shi da wani ƙyale-ƙyale. Sau uku a shekara, malamai biyu da likita ɗaya mai neman ƙwarewa za su taso daga Toronto, su yi wata guda suna koyarwa, ba a biyansu ladan aikin, sannan su koma. Bayan 'yan watanni wasu su zo su ɗora daga inda aka tsaya.

Waɗannan baƙin ba sa jin Amharik, balle Oromo ko Tigirinya. Shi kuwa aikin likitan ƙwaƙwalwa magana ce tushensa: ka saurari mutum, ka gane abin da ya faɗa da abin da ya haɗiye. Don haka ko sun so su karɓe marasa lafiya daga hannun 'yan gida, babu hali. Dole suka ja kujera gefe, ɗalibi ɗan Habasha ya zauna a gaba yana ganawa da majinyaci, bayan an fita su tattauna abin da ya gani da abin da ya tsallake. Ina ganin wannan dolen ce ta zama alheri ga shirin. Cikin 'yan shekaru waɗanda aka yaye suka zama malamai, suka karɓi shugabancin sashen, wasu jami'o'in ƙasar suka buɗe nasu horon, kuma mafi yawan waɗanda aka horar suka ci gaba da zama a ƙasarsu. A 2008 aka faɗaɗa haɗin gwiwar zuwa wasu fannoni. Ta nan ne aka soma horar da likitocin agajin gaggawa a asibitin koyarwa na Tikur Anbessa a 2010, da likitocin iyali a 2013.

Na fara da Habasha ne domin ita ce ta fi fito da abin da nake son faɗa. Kowace shekara dubban likitoci da ma'aikatan jinya da ungozoma da masu harhaɗa magani suna barin Turai da Amurka su yi aikin sa-kai a asibitocin Afirka da Asiya. Mafi yawansu da zuciya ɗaya suke zuwa, wasu hutunsu na shekara suke sadaukarwa, wasu da kuɗin aljihunsu suke sayen tikiti. Ban ga dalilin raina wannan ba. Amma asibitin koyarwa ba ɗaya yake da sansanin aikin ido kyauta da ake kafawa a filin makaranta na kwana biyar ba. A sansani, lissafin mai sauƙi ne: ido nawa aka buɗe. A asibitin koyarwa mutum biyu ne a gaban babban likita a kowane lokaci, wanda ke kwance a gado da matashin da ke tsaye kusa da shi yana koyo. Baƙon da ya warkar da na kwance ya bar na tsaye yadda ya same shi, rabin aiki ya yi, kuma rabin da ba ya ɗorewa.

Ga yadda abin ke lalacewa ba tare da kowa ya yi nufin sharri ba. An sanar cewa ƙwararru na zuwa daga waje. Sai a tara musu manyan ayyuka masu wuya, irin waɗanda likita mai neman ƙwarewa ke jira wata da watanni ya samu ya sa hannu a kansu. A kwashe ɗakunan tiyata a ba su, a ɗage sauran marasa lafiya. Baƙin su zo da nasu nas, da nasu mai sa barci, da nasu kayan aiki a akwatuna, domin sun fi sauri da waɗanda suka saba da su. Ɗan gida ya koma mai riƙe fitila ko tafinta. A yi kwana goma ana aiki dare da rana, a ɗauki hotuna, a yi liyafar ban kwana. Sati biyu bayan haka, ɗinki ya ruɓe, ko jini ya ɓalle, kuma wanda zai tashi da ƙarfe biyun dare ya sake buɗe cikin shi ne wannan ɗan gidan da bai ga yadda aka yi aikin da kyau ba. Idan an yi nasara, sunan baƙo ne. Idan mutum ya mutu, dangi ɗan gida za su tsare.

Na san amsar da za a ba ni, kuma amsa ce mai nauyi. Uwar da ɗanta ke da rami a zuciya ba ruwanta da wanda ya koyi me. Ita dai a ceci ɗanta yau. Koyarwa tana cin lokaci: aikin da gwani zai gama cikin awa ɗaya, idan ya bar ɗalibi ya yi yana kallo, sai ya ci awa uku, ke nan mutum biyu sun rasa layi. Wannan gaskiya ce, kuma duk wanda ya ce babu hasara a zaɓen koyarwa bai taɓa tsayawa gaban layin masu jira ba. Akwai ma lokutan da ba a maganar koyarwa, kamar yaƙi ko annoba ko girgizar ƙasa. Amma a shekarar 2015 wani kwamitin ƙwararru da mujallar Lancet ta kafa ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa iya samun tiyata mai inganci da za su iya biya a lokacin da suke buƙata, kuma ana buƙatar ƙarin ayyukan tiyata miliyan 143 a kowace shekara. Ko da kowane likitan Turai zai ba da hutunsa gaba ɗaya, ba za a cike wannan giɓin ba. Yaron da aka ceta yau yana da ƙanne da za a haifa baɗi da irin ciwonsa, a watan da babu baƙo.

Ruwanda ta nuna wani ɓangaren da Habasha ba ta nuna ba, wato wahalar abin. Kisan ƙare dangi na 1994 ya ci ma'aikatan lafiya da yawa, wasu suka gudu. Aka wayi gari ƙasar na da likita ɗaya tak ɗan ƙasa da ya ƙware a fannin sa barci da kashe zafi lokacin tiyata, kuma mace ce. Wanda bai san ɗakin tiyata ba yana ɗauka mai wuƙa shi ne komai. Amma wanda ke zaune wajen kan majinyaci, yana lura da numfashinsa da bugun zuciyarsa da jinin da ya zuba, shi ne ke riƙe da ran mutum har a gama. Matar da aka yi wa tiyatar haihuwa ta mutu a kan tebur, sau da yawa ba yankan ne ya kashe ta ba. Allurar kashin baya ce ta sauke hawan jininta ba a ankara ba, ko bututun numfashi ya shiga hanyar abinci.

A 2006 gidauniyar ilimi ta ƙungiyar likitocin sa barci ta Kanada, tare da takwarorinsu na Amurka, suka fara tura masu sa-kai zuwa asibitocin koyarwa na Kigali da Butare, kowa ya yi wata guda. Matsalar irin wannan tsari a bayyane take. Na watan Janairu ya koyar da abin da ya fi so, na Fabrairu ya zo ya maimaita shi ko ya saɓa masa, wani babin kuma a shekara ba wanda ya taɓa. Ga shi wanda ya saba da na'urori masu tsada da sababbin magunguna zai tarar da tsohon maganin da a ƙasarsa sai a littafi, da iskar oksijin da kan yanke, da ɗakin kulawa ta musamman mai gadaje 'yan kaɗan. Satin farko ɗalibin da ya zo koya wa ne ke koya masa. Abin da ya daidaita shirin shi ne rubuta manhaja guda, wadda kowane baƙo zai karɓi nasa kason tun kafin ya hau jirgi, ya san abin da na gabansa ya koyar da abin da na bayansa zai ɗora, da kuma ware wa ɗalibai ranar karatu da ba za a kira su aiki ba. A hankali waɗanda aka yaye suka karɓi koyarwar. Sai dai ba duka suka zauna ba. Wasu daga cikinsu sun bar ƙasar, saboda albashi, da yawan aiki, da baƙin cikin ganin mutum na mutuwa a hannunka don rashin abin da ka san zai cece shi. Horo kaɗai ba ya riƙe likita. Wannan kuwa ba aikin baƙo ba ne, aikin gwamnatin gida ne.

Daga baya Ruwanda ta gwada abin da ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. A 2012, lokacin Dokta Agnes Binagwaho tana ministar lafiya, aka ƙaddamar da shirin shekara bakwai na kimanin dala miliyan 150, inda jami'o'in Amurka sama da 20 suka riƙa tura malamai wajen 100 a shekara. Waɗannan ba masu sa-kai ba ne zalla, ana biyansu, amma darasin ya shafi kowa. Abin yabo a shirin shi ne Ruwanda ce ta tsara shi, ita ta faɗi fannonin da take so, kuma kuɗin ta hannun gwamnatinta ya bi. An haɗa kowane baƙo da abokin aiki ɗan gida domin ƙwarewa ta ratsa daga wannan zuwa wancan. Ƙasar ta samu ƙwararru da yawa daga shirin, ba shakka. Amma binciken da aka yi kan wannan haɗin ya nuna cewa ko da yake mutane sun ji daɗin zama da juna, ƙalilan ne suka ce ƙwarewar ta ratsa sosai. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san asibitin gwamnati. Baƙo yana da lokaci, an sauke masa duk wani nauyi. Abokin nasa kuwa shi ne mai zagayen gadaje da safe, shi ne mai ganin marasa lafiyar waje, shi ne mai zaman taron hukumar asibiti, da yamma kuma ya ruga asibitin kuɗi don ya cike abin da albashi ya gaza. Yaushe zai zauna ya koya? Wanda ke son ilimi ya ratsa, sai ya sayi lokacin ɗan gida kamar yadda ya sayi tikitin baƙo.

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Amma akwai baƙin da suka daɗe har suka ga abin da mai wata guda ba zai taɓa gani ba, kuma muna da misalinsu a ƙasarmu Nijeriya. Farfesa Eldryd Parry, ɗan Birtaniya, ya koyar da likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1969 zuwa 1977, bayan ya yi aiki a Ibadan da Addis Ababa, daga nan ya wuce Ilori da Kumasi. A Zariya ne shi da abokan aikinsa suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da al'adun jego: wankan ruwan zafi safe da yamma, kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Wannan ba abin da za ka gane daga ɗakin otal ba ne. Sai ka shekara kana ganin matan, kana tambayar iyayensu mata, kana lura da watan da suka fi zuwa. Abin da ya fi burge ni shi ne abin da ya biyo baya. Shekaru da dama bayan haka, likitocin zuciya 'yan gida, a gaba-gabansu Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, suka sake bin diddigin ciwon a asibitoci da yawa na Nijeriya. Ba su ga alaƙa mai ƙarfi tsakaninsa da wankan jego ko kunun kanwa ba. Abin da ya fi fitowa shi ne talauci da rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Ɗan gida ya gyara wa baƙo bayani, da hujja, a mujallun da duniya ke karantawa. Ban san wata riba da asibitin koyarwa zai ba da da ta wuce wannan ba. Shi kuma Parry da ya koma gida, sai ya kafa gidauniyar THET a ƙarshen shekarun 1980, wadda aikinta shi ne ƙulla zumunci mai tsawo tsakanin asibitocin Birtaniya da na Afirka, inda asibitin gida ne zai faɗi abin da yake buƙata.

Haka Dokta Kees Waaldijk, ɗan Holan, wanda ya zo asibitin kutare na Babbar Ruga a Katsina a farkon shekarun 1980, ya tarar da mata masu yoyon fitsari ba mai kallonsu. Ya yi wa dubbai aiki, amma ɗaruruwan likitoci da ma'aikatan jinya da ya horar su ne dalilin da ya sa yau ake wannan aikin a Kano da Sakkwato da Zariya da sauran wurare. Dashen ƙoda ma da aka fara a asibitin Malam Aminu Kano a 2002, da taimakon likitoci daga Birmingham aka fara, har 'yan gida suka riƙe abinsu.

Akwai wata magana da masu shirya irin wannan tafiya ba su cika son a taɓo ba: wa ke cin riba? Baƙon yana ci, kuma ba kaɗan ba. Matashin likita daga Landan zai ga cututtukan da a can sai a hoto, zai yi ayyukan da a can sai ya shekara yana jiran layi, zai koyi gane ciwo da hannu da ido ba tare da na'urar ɗaukar hoton ciki ba. Hukumomin lafiya na Birtaniya da kansu sun yarda cewa ma'aikatansu na dawowa da ƙwarewar da ke amfanar asibitocinsu. Wannan ba laifi ba ne. Laifin shi ne ƙofar ta zama mai buɗewa gefe ɗaya. Babban likitan tiyata daga Kigali ko Kano, mai shekara 20 yana yanka, idan ya kai ziyarar wata guda asibitin koyarwa a Amurka, galibi ɗan kallo zai zama, doka ba ta ba shi damar taɓa majinyaci ba. Amma ɗalibin da ko lasisi bai samu ba a can, sai ya zo nan a bar shi ya karɓi haihuwa ko ya ɗinke rauni, don kawai an ga farar fata. Dokar da ke kare majinyacin Boston daidai ce. Majinyacin Butare ma ya cancanci irinta. A Nijeriya doka ta ce likitan waje sai ya yi rajistar wucin gadi da hukumar kula da likitoci kafin ya taɓa kowa, kuma duk asibitin da ya yi wa wannan sako-sako don jin nauyin baƙo, ya ci amanar marasa lafiyarsa. Mutanen Kano ba sa buƙatar a tuna musu abin da gwajin wani magani mai suna Trovan da baƙi suka yi a garinsu a 1996 ya jawo wa amana tsakanin jama'a da duk wani mai farar riga da ya zo daga waje. Haka batun bincike: a ɗebi bayanan marasa lafiyar asibiti, a koma a rubuta maƙala, sunan wanda ya tara bayanan ya faɗo a tsakiya ko a layin godiya. Haɗin gwiwar Jami'ar Indiana da Jami'ar Moi a Eldoret ta Kenya, wanda aka ƙulla tun 1989, ya daɗe ne saboda tun farko an sa sharaɗin ɗalibai da likitocin Kenya su ma su riƙa zuwa Amurka, kuma kowane sashe ya kasance da shugaba ɗan gida da abokinsa baƙo.

Ba zan iya wuce batun ƙaurar likitoci ba, domin shi ne ke rusa duk abin da aka gina. Ƙasashen da ke turo mana likita ɗaya na wata guda su ne ke ɗaukar namu goma na har abada. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 da ta ce bai kamata a riƙa zawarcin ma'aikatan lafiyarsu ba saboda ƙarancin da suke fama da shi. Nijeriya da Nijar da Ruwanda da Habasha duk suna ciki. Ba na ɗora wa mai sa-kai alhakin manufar gwamnatinsa, kuma ba na zagin wanda ya tafi neman abin da zai ciyar da iyalinsa. Amma shirin da zai horar da matashi da kayan da babu su a ƙasarsa, a kan cututtukan da ba su ne ke kashe mutanensa ba, ya shirya shi ne don jarrabawar Ingila. Dalilin da ya sa na Habasha ya riƙe mutanensa ke nan, a ganina: an horar da su a gida, da marasa lafiyar gida, a cikin al'ummar da mai taɓin hankali ake fara kai shi ruwan tsarki na coci kafin a tuna da asibiti, kamar yadda namu ake fara kai shi wajen mai ruƙiyya. Likitan da ya koyi aiki a cikin wannan yanayi ya san yadda zai yi magana da dangi da malaman addini ba tare da ya kore su ba.

Mu ma ba masu karɓa kawai ba ne. Tun 1987 Nijeriya ke tura likitoci da ma'aikatan jinya da malamai aikin sa-kai na shekara biyu zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da tsibiran Fasifik, a ƙarƙashin shirin taimakon ƙwararru na gwamnatin tarayya. Duk abin da na faɗa a kan ɗan Kanada a Kigali ya hau kan ɗan Nijeriya a Banjul. Ya kuma hau kan 'ya'yanmu da ke aiki a Ingila da Amurka da Saudiyya, masu dawowa lokacin hutu su yi tiyata kyauta. Su suna da abin da ɗan Toronto ba shi da shi: suna jin harshen, sun san gidan, wasu a asibitin ma suka yi karatu. Amma sau da yawa su ne suka fi saurin shigowa da faɗa, suna ƙirga wa abokan karatunsu da suka zauna kurakuransu, alhali waɗannan su ne suka yi shekaru suna tiyata da fitilar waya idan wuta ta ɗauke. Da za su ɗaure su riƙa zuwa sashe guda a kowace shekara, su karɓi wani babi na manhaja, su riƙa duba ayyukan ɗalibai ta bidiyo tsakanin zuwa da zuwa, da amfanin ya ninka na tiyatar sati ɗaya da ɗan siyasa ke ɗaukar nauyi a manna hotonsa a ƙofar asibiti.

Nauyin farko dai yana kan shugaban asibitin da ake zuwa. Mun saba da kunyar baƙo, har mukan ga kamar rashin godiya ne a tambayi mai kawo kyauta sharaɗinsa. Amma shugaban asibitin koyarwa amanar ɗalibai da marasa lafiya ce a wuyansa, kuma yana da ikon ya zaunar da kowace tawaga tun kafin ta sayi tikiti. Ya ga lasisin kowa da matsayinsa a inda ya fito. Ya faɗa musu fannin da sashensa ke da giɓi, maimakon ya karɓi abin da suka ga dama. A rubuta sunan likitan gida da zai tsaya a kowane aiki, da ranar da ake sa ran zai yi shi shi kaɗai. A san wanda za a kira idan ciwo ya dawo bayan sun tafi, a kuma san ko za su dawo baɗi. Na'urar da za su bari, a tambaya ko akwai mai gyaranta a ƙasar da inda za a sayi kayanta, domin kusan kowane asibitin koyarwa a nahiyar nan yana da ɗakin da aka jibge kyaututtukan da suka tsaya saboda wata 'yar waya ko batir da ba a samu. Tawagar da ta ga waɗannan tambayoyin sun yi mata yawa, akwai sansanonin kwana biyar da ke buƙatarta, kuma za ta yi amfani a can. Habasha da Ruwanda duk sun yi irin waɗannan tambayoyin, kuma baƙin ba su fasa zuwa ba.